Darasin Bayan Rumbu

Duk shekara, in an gama kai hatsi rumbu yara sun cika aji, tsarin karatu yakan kawo ni kan darasin da na fi iyawa kuma na fi ƙi. Ina koyar da Ingilishi a wani kolej a Filinge, darasin kuwa shi ne bambancin abin da ake kira phrase da abin da ake kira clause. Ba wani abu ne mai wuya ba. Na farko ƴan kalmomi ne da suka haɗu suna tafiya tare, amma babu mai yi, babu abin da aka yi: under the tree, wato ƙarƙashin itace. To, ƙarƙashin itace me ya faru? Oho. Na biyu kuwa yana da mai yi, yana da abin da ya yi: the rain fell, ruwa ya sauka. Shi ke nan fa. Amma zo ka ga yadda yaran yankinmu na Kurfai ke zuba mini ido kamar na ce su ɗebo mini ruwa a kwando. Ba duka ne laifinsu ba. Tun suna firamare mushensu, wato malaminsu, ya cusa musu cewa a Faransanci phrase ita ce cikakkiyar jimla, ga shi yanzu wani mushen ya zo da rana tsaka ya ce a Ingilishi ba haka ba ne. Nakan yi faɗa, in buga tebur, in ce da na bayan aji in ya sake yi mini hamma zan mai da shi kiwon awakin ubansa. Dariya suke yi, don sun san faɗana ba ya wuce bakin ƙofa.

Abin da ba su sani ba shi ne, wannan darasin na yi wa mahaifiyata ana gobe za ta rasu. Ba ta taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko, ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba ta ji. Kuma ita ta nema.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da wannan ke nufi. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama ta yi hira da shi. Kunya ake ce wa abin, da ita ake auna tarbiyyar mace. Wasu matan sama-sama suke riƙe ta, yaro na girma su saki. Tawa uwar da hannu biyu ta riƙe. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar babana, cikin gida ɗaya, tsakaninmu da ɗakin mahaifiyata bai fi jifa ba. Kakata ita na kira Inna har ta bar duniya. Ita kuwa wadda ta haife ni ban taɓa samun abin kiranta ba. In ina son wani abu a wurinta sai in tsaya daga nesa in yi gyaran murya.

Ba wai ba ta magana a kaina ba ne. Tana yi, sai dai ba da ni ba. Da kaji take yi, da turmi, da bango. In na dawo daga gona sai in ji ta ce wa kaji, "Akwai hura cikin ƙwarya, in mutane na so." Ni ne mutane. In na fita da rana ba hula ta ce wa bango, "Wasu dai rana ba ta cin su." Da ƙanwata ta yi wayo sai ta zama ita ce bakinta, duk saƙon da zai zo mini da "Ki ce ma wancan" yake farawa. Ita ƙanwar tawa kuwa a cinyarta take kwana, a yi mata kitso, a zage ta, a rarrashe ta, a kira sunanta sau ba iyaka tun safe har dare. Ko zagin ma na yi kishinsa.

Wata rana ina ƙarami kunama ta harbe ni a gindin murhu, na kwarma ihu har maƙwabta suka shigo. Mahaifiyata tana daka a lokacin. Ba ta ajiye taɓarya ba. Matan gida suka ɗauke ni, kakata ta ɗaure mini ƙafa, ita tana ta dakanta ba ta waiwayo ba, sai dai an ce hatsin da aka sa ta surfa ranar sai da ya zama gari. Shekaru ana ba da wannan labari a ƙauye don yabonta. Ni kuwa duk sanda aka ba da shi sai in ji kamar kunamar ta sake harbina. Na kai ƙara wurin kakata, na ce matar can ba ta so na. Tsohuwa ta yi dariya har ta sarƙe, ta ce, "Kai dai wawa na, angona. Ka taɓa cin tuwo ba ka iske man shanu ɓoye ƙarƙashi ba? Ni ina nis samu shanu?"

Na sani. Man shanun na ci shi, amma ba shi nake nema ba. So nake ta dube ni sau ɗaya ta kira sunana, ta ce ka kwana lafiya. Abin da na nema ke nan tun ina yaro har na yi gemu, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na yi kolej a Filinge, na wuce Yamai, na dawo da takardar koyarwa. A ƙarshen shekarata ta farko a bakin aiki aka gaya mini cewa in an dawo daga hutun damina, mai duba malamai zai zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda nake koyarwa, kuma abin da ya gani shi zai sa a bar ni ko a sallame ni. Darasin da zan yi a gabansa shi ne wannan. Tsoro ya kama ni, don ni kaina a lokacin in an matsa mini da tambaya sai harshena ya harɗe.

Da na je ƙauye hutu sai na buɗe aji a bayan rumbun babana, inda inuwar wata aduwa ke sauka bayan azahar. Na jingina wata tsohuwar ƙofar kwano ta zama allo, gawayi ya zama alli, na jera duwatsu a ƙasa suka zama ƴan aji. Kullum na dawo daga noma na yi wanka, sai in tsaya gabansu in gaishe su da Ingilishi, in amsa musu da wata ƴar siririyar murya, in fara. After the rain, bayan ruwa: akwai mai yi? Babu. In the farm, cikin gona: an yi wani abu? Ba a yi ba. My father sowed, babana ya yi shuka: yauwa, ga mai yi, ga abin da ya yi. Akwai wani ƙaton baƙin dutse a layin baya da na mayar daƙiƙin aji. Kome na tambaye shi sai ya ba da amsar banza, ni kuma in hau shi da faɗa, in ce ko jakin gidansu ya fi shi gane karatu. Yaran ƙauye suka yi kallo na ɗan lokaci suka gaji, suka tafi suna cewa Yamai ta taɓa mini kai.

Ban lura da wuri ba cewa turmin gidanmu ya yi ƙaura. Da a tsakar gida yake, gindin ɗakin girki. Sai ga shi ya koma jikin darni, daidai bayan rumbu, ba abin da ya raba shi da ajina sai karan darnin. Ƙanwata, wadda ita mahaifiyarmu take kira Inna, ita ta ja hankalina, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Yaya, tun da kaf fara haukan ga naka, Inna ta ce inuwar can ta hi sanyi." Na kasa kunne washegari. In na ɗaga murya daka ya yi sanyi, in na yi shiru ina rubutu daka ya tashi. Ranar da na zazzage wa baƙin dutsen nan faɗa sosai, sai na ji an ce wa kaji daga bayan darni, "Mutane sun bar gona suna hwaɗa da duwatsu." Na ji haushi, na ji daɗi, na rasa wanda ya fi yawa. Na ci gaba da karatuna.

Mai duba malamai ya zo, ya zauna a bayan aji da tabarau a kan hanci, zafi ya kwashe shi da gyangyaɗi tun ban kai rabin darasi ba. Ya farka ya ce na yi ƙoƙari. Aka bar ni a aiki. Ribar da na ci a gida ita ce na tashi daga "wancan" na koma "mushe". Ki ce ma mushe tuwo ya huce. Ki ce ma mushe rigarshi ta bushe.

Sau ɗaya na gwada karya kunyar nan da ƙarfi. Na riga na yi aure har da ƴaƴa, na ga a birni mata suna kiran ƴaƴansu na fari gatsal ba abin da ya faɗo daga sama. Na sayo turmin atamfa a kasuwar Filinge, na same ta ita kaɗai tana tsince wake, na durƙusa gabanta na ajiye, na ce, "Ga wannan. Ya yi miki?" Ta kafa wa waken ido. Ta miƙe, ta bar waken da atamfar da ni, ta shige ɗaki. Can na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki ɗauke kayan can kada akuya ta ci." Na fita daga gidan ina huci, na zagi al'ada tun daga ƙofar gida har bakin hanyar mota. Da sallah atamfar ce a jikinta, kuma ta sa ta har ta koɗe.

Ciwon ajalinta ya fara da kumburin ƙafa. Muka kawo ta asibiti a Filinge, aka tura mu Yamai. Ko a cikin mota sai da ta sa ƙanwata ta zauna tsakaninmu. A Yamai likita ya ja ni gefe ya ce mu mai da ita gida mu yi ta addu'a. Muka mai da ita. Kawuna ya kawo rubutu, wata goggona ta kawo masu gogen bori suka yi nasu, ni na koma aji don hutu bai zo ba. In na buga waya ƙanwata ta ce jiki da sauƙi. Kullum da sauƙi. Ranar da ta ce, "Yaya, in ka samu hali ka taho," ban tambaye ta kome ba. Ranar kasuwa ce, na nemi izini, na shiga motar ƴan kasuwa masu komawa wajenmu, na zauna kan buhunan gishiri.

Tun da aka yaye ni ban shiga ɗakinta ba sai ranar. Bazara ce, ɗakin ya ɗau zafi, ga warin magani. Ta rame har gadon ya yi mata yawa. Na yi sallama. Tana jin muryata ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya fuska bango, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Goggona da ke zaune ta kaɗa kai ta ce, "Allah Sarki, har yanzu ba ta saki ba. Mata irin ta sun ƙare." Yabo take yi. Na ji kamar in shaƙe ta.

Na gaishe ta, ƙanwata ta amsa mata. Na tambayi jiki, ƙanwata ta ce da sauƙi. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, in shiga da safe in gai da ƙeyarta, in fito. Na ga tana tafiya a kan idona, kuma na ga za ta tafi da abin da nake jira. Sai na kira ƙanwata waje na ce, "Ki roƙe ta. Ba dogon zance nika so ba. Ta kira sunana sau guda, ko ba ta dube ni ba." Ƙanwata ta shiga, ta daɗe, ta fito idonta ja. Na ce me ta ce? Ta ce, "Ta ce in tambaya ko mushe ya ci abinci."

Ban san sanda na shuri butar da ke gabana ba. Na tafi bayan rumbu na zauna gindin aduwa, ƙato da ni, mai ƴaƴa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar kunama. Duwatsun ajina suna nan warwatse cikin ƙasa. Na ji haushinta, na ji haushin kakata da ke kabari, na ji haushin duk wata tsohuwa da ta taɓa yaba mata.

Bayan la'asar ƙanwata ta same ni a wurin. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce ka taho ka yi karatun ga naka na bayan rumbu."

Na ce, "Wane karatu?"

"Wanda kay yi ma duwatsu shekarun baya."

"Ke, hankalinta ya gushe na?"

"Hankalinta lahiya lau. Ta ce ba da ita za ka yi ba. Da ɗiyan lakwal ɗinka za ka yi, ita dai tana kwance."

Na daɗe ina kallon ƙanwata kafin abin ya shige ni. In na yi magana da ita, dole ta rufe kai. In da ƴan aji nake yi, ba ruwanta, mai kwanciya ce kawai a ɗakinta, ba wanda zai ce ta saurari ɗanta. Dabarar turmi ce ta sake yi.

Na wanke fuska na shiga. Goggona ta tashi ta fita neman abin da ba ta ɓatar ba. Ƙanwata ta ajiye mini ƴar kujera a bakin ƙofa daga ciki, ta juya ta yadda bayana zai ba gadon, fuskata ta kalli tsakar gida. Na zauna. Ba allo, ba gawayi. Na gai da ƴan aji, na amsa musu da siririyar muryar nan, na fara daga inda nake farawa kullum. Under the tree. After the rain. Akwai mai yi? Babu, mushe. Muryata ta zauna, don baki ya saba. Na kira daƙiƙin layin baya na tambaye shi, ya ba ni amsar banza, na hau shi da faɗa da Hausa kamar yadda nake yi, na ce ko jakin gidansu ya fi shi. Sai na ji wani ɗan sauti a bayana, kamar tari kamar dariya.

Daga nan gadon ƙarfen ya yi ƙara. A hankali, irin ƙarar da yake yi in mara lafiya yana juyawa da ƙyar. Na ji mayafi ya zame. Ba wanda ya gaya mini, amma na san ta juyo, na san idonta yana kaina, na ji shi a wuyana kamar zafin rana. Abin da na jira duk rayuwata yana bayana, taku biyu. In na waiwaya zan ga fuskarta tana kallona, na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta ja mayafi, kuma na san ba za ta sake buɗewa ba. In ban waiwaya ba za ta yi ta kallo, ni ba zan gani ba. Wuyana har ciwo ya yi don son juyawa. Na kafa ido a kan wata kaza da ke tono a tsakar gida, na ci gaba.

Da na zo kan clause sai misalan da na saba suka gudu daga kaina, wasu suka zo. Na ce wa ƴan aji su saurara: I am your son. Ban fassara ba, ko da yake kullum nakan fassara. Ni ɗanki ne, abin da na ce ke nan. Na tambayi aji akwai mai yi, suka ce akwai. Na ba su wani misalin, na ce da Ingilishi na jira ki. Na ce na ci man shanun, na san ke ce. Na ce ban ji haushin atamfar ba, ƙarya nake, na ji, amma ya wuce. Na ce kada ki tafi. Kowace jimla sai in tsaya in rarraba ta yadda ake yi a aji, ga mai yi, ga abin da ya yi, in yabi wanda ya gane, in zagi na baya. Hawaye na zuba a gemuna, murya kuwa ta mushe ce. Abin da Hausa ba ta bar ni in faɗa mata ba duk na faɗa, cikin harshen da ba ta ji.

Darasin da ba ya wuce awa guda na ja shi har rana ta faɗi. Na ƙare na sake farowa. Na ba da aikin gida, na karɓa, na gyara. Muryata ta dushe har sai da na koma raɗa. Da ladan ya kira magariba na yi shiru, don ba yadda zan yi. Gadon ya sake yin ƙara. Sannan na ji muryarta, siririya, fuska a bango: "Ki ba mushe ruwa, muryarshi ta mutu."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi a kaina. Washegari da hantsi ta cika, ina waje ina yi wa jakin gida ban ruwa. Ba ta kira sunana ba. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa an yi rashin mace mai kunya, ni ina amsawa da amin.

Sai bayan an watse daga zaman makoki na iya tambayar ƙanwata, muna kwashe tabarmi. Na ce, "Ta duba kuwa?"

Ta ce, "Tun da kaf fara har kag gama ba ta ɗauke ido ba."

"Ba ta ce komi ba?"

Ƙanwata ta gama naɗe tabarmar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ta jawo ni ta yi min raɗa. Ta ce ashe ƙeyarka irin ta babanta ce, ba ta taɓa lura ba."

Ban san kakan nan nawa ba, ya rasu kafin a haife ni, ko hotonsa babu. Bana ma na yi darasin, aji cike, na baya yana hamma. Na juya zan rubuta misali na farko a allo, na ba yara baya, sai hannuna ya tsaya da alli a sama. Na daɗe a haka har wata yarinya a layin gaba ta ce, "Mushe, lahiya?" Na ce lafiya lau, su buɗe littafi. Ban juyo ba sai da na gama rubutun.